Katangar Da Ba Ta Yi Kama Da Komai Ba

Ruwan sama ne ya mayar da Yahuza masani. Ya raka wani direba Abuja kai kujeru, suna cikin sauke kaya hadari ya taso, ya ruga ya faɗa ƙofar da ya fara samu a buɗe. Ashe gidan nuna zane-zane ne. Ya tarar da mutane tsaitsaye gaban wasu fararen alluna da aka manna wa gutsattsarin katako, wani mai kusurwa uku, wani zagayayye, wani ya turo kai waje kamar an kira sunansa. Wata mata mai tabarau tana bayani da Turanci, jama'a suna gyaɗa kai. Yahuza ya gyaɗa nasa, ya ci cincin ɗin da ake zagayawa da shi a faranti, ruwa ya ɗauke, ya fito. Kafin motarsu ta hau gadar Wudil ya riga ya sauke karatun.

Tun daga ranar, duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagon Bilya tela, ko karɓar ɗinki ya zo ko shan inuwa, sai ya tafi da darasin da bai nema ba.

"Ba kowa Allah ya ba ido ba," in ji Yahuza. "Ku naku idon na ganin rami ne kada ku faɗa. Shi wannan zane da nake gaya muku, sunansa abstirak."

"Tirakta?" Bilya ya tambaya, bai ko ɗago daga kan keke ba.

"Abstirak. Zane ne mai tudu da kwari, har shafa shi kana iya yi da hannu. Sharaɗinsa guda ne: kada ya yi kama da komai. Da zarar wani ya ce ya yi kama da abu kaza, shi ke nan, ya lalace."

"Ashe wandon da na ɗinka wa Ja'afar bara abstirak ne," in ji Bilya. "Shi ne ya zo yana ta yi min faɗa. Rashin ilimi bai yi ba, Farfesa."

Yahuza ya karɓi sunan Farfesa da hannu biyu, sauran maganar kuma ya bar ta ta wuce.

Da a benci abin ya tsaya, da babu wanda zai yi asara sai masu kunne. To amma a lokacin Alhaji Wali yana gina ƙaton holin biki a bakin titin Kano, gini ya kai, saura kwalliyar gaba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yahuza ya tare shi, ya riƙe ƙofar mota yana bayani. Direba ya tayar, ya kashe, ya sake tayarwa. Da Alhaji ya ga ba za a sakar masa ƙofa ba, sai ya ce, "To, Malam Yahuza, ka yi a katangar gidanka in zo in gani. In ya yi min, gaban holin naka ne."

Wannan "in" ɗin ba ta iso gida tare da Yahuza ba, a hanya ta faɗi. Kafin magariba unguwa ta ji an ba shi kwangila. Washegari ya je shagon hayar kujeru da rumfuna inda yake aiki, ya shaida wa maigidansa cewa hannun da zai ƙawata Wudil ba zai ƙara ɗaukar kujerar roba ba. Maigidan ya yi masa fatan alheri, ya ɗauki wani tun bai bar ƙofar ba.

Matarsa Lubabatu tana tankaɗe ta ji labari. Ta ajiye rariya.

"Baban Khaulat, wai ka bar aikin?"

"Na bar ƙarami, na kama babba."

"Babban yana ina?"

Ya nuna kansa da yatsa. "Yana nan."

"To nan ɗin za mu riƙa zuwa auno masara?"

"Ke dai ki fara koyon zama a gaban mota. Matar mai kwangila ba ta riƙe ƙofa in an sha kwana."

"Ni dai ka yi wa katanga duk abin da ka ga dama, ba ta da baki. Amma harawar da na jibge a kan soro, kada in ga ko ganye ɗaya a ƙasa. Ita ragona zai ci har Sallah."

Ya fara da siminti zalla. Ya kwaɓa, ya dunƙula, ya yi ta maka wa katangar da ke fuskantar titi. Kafin azahar dunƙulen suka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya, ɗaya har ya sauka a kan takalminsa da ƙafar a ciki. Ya bayyana wa masu wucewa cewa simintin ƙasar nan bai saba da ilimi ba. Sai ya samo guntayen rodi ya kakkafa a jikin katangar, ya ɗora aikinsa a kai, wannan karon ya zauna. Da'irori ne jere, kowace da kwarminta a tsakiya. Ya aika a kira Bilya.

Bilya ya zo da awo a wuya. Ya buɗe baki zai yi magana, Yahuza ya ɗaga masa hannu.

"Ba haka ake kallo ba. Ja da baya. Ƙara. Rufe ido ɗaya. Karkata kai. To, yi shiru ka bar zanen ya yi maka magana."

Bilya ya yi duk yadda aka ce, ya daɗe a karkace.

"Ya yi min magana, Farfesa."

"Me ya ce?"

"Ya ce a shafa mai a zuba ƙullu. Wannan ai tanda ce. Gobe da safe a ajiye min waina, da ƙuli."

Yahuza ya dubi katangar. Tun da aka faɗa, shi ma ba ya ganin komai sai tanda, har yana jin kamar ƙamshi. Ya ɗauko guduma.

Na biyu ya fi wahala. Dogayen layuka ya ja, sun gangaro ta dama da ta hagu, sannan ya ɗora wani tudu mai kusurwa uku a tsakiya. Yana cikin shafe gefe sai ga Gwaggo Mas'uda, tsohuwar da ke gidan kusa, ta koro awakinta daga bakin kogi. Ta tsaya cak. Ta saki sanda. Ta kama bakin mayafi ta kai ido.

"Lafiya, Gwaggo?"

"Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Ashe ba ka manta da Malam ba."

"Wane Malam?"

"Mijina mana, marigayi. Ga tsagarsa nan ta gado, dama da hagu, ba ka rage ko ɗaya ba. Har hancin."

"Gwaggo, wannan ba hanci ba ne. Kusurwa ce."

"Haka mutane suke ce masa, Allah ya jiƙansa."

Yahuza ya ɗaga guduma ya sauke wa kusurwar, ta gutsure. Gwaggo ta matso ta duba da kyau, ta gyaɗa kai. "Haka ya koma bayan da ya faɗo daga keke. Kai, yaron nan, har wannan ka tuna?"

Da safe ya fito ya same ta a tsugune gaban katangar, tana ba Malam labarin yadda aka raba gonar Indabo. Da ta tashi ta yi masa sai an jima. Ranar Yahuza bai karya ba sai da ya rushe marigayin gaba ɗaya, Gwaggo kuma ta daina amsa gaisuwarsa na ɗan lokaci, tana cewa sau biyu ke nan ana raba ta da mutumin nan.

Na uku, ƙananan murabba'ai ya yi masu zurfi. Wannan babu mahalukin da ya ce komai, domin kafin a kira Bilya tattabarun unguwa sun tare a ciki, har wata ta fara kai kara.

Ana nan, masara tana ƙasa a buhu, Lubabatu ta rage magana, Alhaji Wali kuma ya aiko cewa masu fenti suna jiran hukuncinsa, ran Asabar zai biyo. Yahuza ya zauna a gaban katangar ya yi nazari mai zurfi, ya gano inda matsalar take: tsoro yake yi. Na Abuja ma ai a tsorace suka yi nasu, tudun bai wuce kaurin yatsa ba. Shi zai fito da nasa sosai, yadda ko makaho ya wuce sai zanen ya gaishe shi. Ya sayo bulo, ya rarraba biyu, ya kafa kowane rabi a kan rodi. Na farko daf da ƙasa. Na biyu sama kaɗan, ya ɗan goce dama. Na uku sama da shi. Da ya kai tsakiya sai layin ya juya hagu, ya ci gaba da tafiya har bakin soro. Ya shafe su da farin fenti, ya kewaye gindin katangar da ƙaya don kada wani abu ya taɓa kafin siminti ya kama.

Bilya ya zo. Wannan karon ba sai an gaya masa ba, ya ja da baya, ya rufe ido, ya karkace. Idon da ya bari a buɗe ya fara daga bulon ƙasa, ya bi su ɗaya ɗaya, ya juya inda suka juya, ya kai bakin soro, ya tsaya a kan harawar Lubabatu da ke leƙowa kore shar. Ya buɗe baki. Ya dubi Yahuza, wanda ya riƙe guduma a shirye. Ya rufe bakin.

"Faɗi mana. Da me ya yi kama?"

"Gaskiya, Farfesa, ni dai ban ga komai ba."

"Rantse."

"Ba sai na rantse ba. Ran Asabar ɗin ƙarfe nawa? Ina so in samu gaba."

Yahuza ya rungume shi, ya ce dama ya san akwai ɗan ido a tare da shi, talauci ne ya rufe.

Ran Asabar aka sa bayan la'asar, domin a cewar Yahuza sai rana ta karkata haske ya bugo daga gefe, sannan inuwar kowane tudu take fitowa. Kujeru ba su samu ba, tsohon maigidansa ya ce duk an kama. Aka jera bencina da tabarmi. Saura abin da za a lulluɓe aikin da shi, don a Abuja ba a nuna abu sai an yaye. Ya shiga ɗaki ya fito da zannuwan Lubabatu na fita unguwa.

"Ina za ka da su?"

"Zane zai rufe zane."

"Ka dai san zane iri uku ne a Hausa. In ka yaga min ɗaya, za ka ga na ukun."

Jama'a ta taru fiye da yadda ya zata, domin Bilya ya bi shago shago yana gayya, har da rantsuwar cewa wanda bai zo ba zai yi nadama. Gwaggo Mas'uda ta zo ta zauna a bakin tabarma, awakinta suna kiwo a bayan taro. Yahuza ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya kwashe ƙayar nan da hannunsa ya watsar can gefe, don kada ta ɓata wa Alhaji kallo.

Alhaji Wali ya iso kai tsaye daga kara, kasuwar dabbobi, inda yake lodinsu zuwa Kudu, yana share gumi. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da gajiya da kasuwa, aka sake tambayar gajiyar. Ya zauna a bencin gaba ya duba agogo.

Yahuza ya ja igiya, zannuwa suka zube. Farin bulo ya ɗauki hasken yamma, kowane ya jefa inuwarsa a gefe, kuma a faɗi gaskiya, abin ya yi kyau. Har wani ya ce masha Allah ba da gatse ba.

"Kowa ya ja da baya," in ji Yahuza. "Ranka ya daɗe, har kai. A buɗe fili tsakaninku da aikin. A rufe ido ɗaya. A karkata kai. Kada in ji ko tari."

Aka ja bencina baya, fili ya buɗe fetal. Mutanen Wudil, manya da ƙanana, suka karkace kamar gero bayan iska, suka yi tsit. Yahuza ya tsaya ya ba katangar baya, ya fuskance su, ya buɗe hannayen riga.

A cikin wannan shirun ne bunsurun Gwaggo ya ratso ta gefen tabarma. Ya tsallaka filin a natse. Bai ja da baya ba, bai rufe ido ba. Ya shinshina bulon farko, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ɗora ƙafa.

"Shi irin wannan aiki," in ji Yahuza, "daga ƙasa ake fara shi. Ido zai sauka a tudun farko. Ya sauka?"

"Ya sauka," jama'a suka amsa.

"To yanzu ku bar shi ya hau da kansa, kada ku tura shi. Yana hawa?"

"Yana hawa, Farfesa," in ji Bilya. "Ko gargada babu."

Yahuza ya ga idanun mutane suna tafiya sama tare, a hankali, kamar an ɗaure su da zare ɗaya. Ko a Abuja bai ga an kalli zane haka ba. Ya ƙara buɗe hannayen riga don daɗi.

"Ya kai ina?"

"Ya kai tsakiya."

"A nan zai ɗan tsaya, ya yi tunani, sannan ya juya hagu."

"Wallahi ya juya," in ji wani dattijo, cikin mamaki na gaskiya.

"Ba ni na faɗa ba? Wasu ma za su ji kamar su sake farowa daga ƙasa."

"An sake farowa," in ji Bilya. "Har da 'ya'ya."

Wannan Yahuza bai gane ta ba, amma ya ɗauka irin maganar da zane yake sa mutum ya yi ce. Ya juya ga babban baƙo. Alhaji Wali ya buɗe duka idanunsa biyu, ya miƙe tsaye, bakinsa yana motsi kamar mai lissafi.

"Ranka ya daɗe, yanzu da ido ya kai ƙololuwa, me kake ji a ranka?"

"Ina jin tauna," in ji Alhaji.

Wani ganyen harawa ya sauko yana lilo, ya sauka a kafaɗar babbar riga. Daga cikin gida muryar Lubabatu ta taso, ta ratsa zaure, ta fito titi.

"Baban Khaulat! Awakin wa nake gani a kan sorona?"

Ya juya. Bunsuru yana tsaye a kan soro, bakinsa cike, yana kallon taro kamar shi ya gayyato su. Bayansa akuya biyu sun riga sun isa, sauran suna kan hanya a jere, kowace a kan tudunta, wata 'yar ƙarama tana tsalle daga inuwa zuwa inuwa.

"Kai, kai, ku sauka. Gwaggo, kira dabbobinki, suna taka min aiki."

"Ni na kafa musu matattakala?" in ji Gwaggo. "Shekara da shekaru suna kallon harawar nan daga ƙasa, ba su taɓa yi wa kowa rashin kunya ba."

"Ba matattakala ba ce. Ba ta yi kama da komai ba. Bilya, faɗa musu."

"Ni har yanzu ban ga komai ba," in ji Bilya. "Idona ɗaya a rufe yake, ba a ce in buɗe ba."

Lubabatu ta sake kira, wannan karon ba da sunan 'yarsu ba. Yahuza ya tattare riga ya hau aikinsa. Bulon farko ya ɗauke shi. Na biyu ya yi ƙara amma ya yi haƙuri. Ya wuce inda ake tsayawa a yi tunani bai tsaya ba. A can sama da tsakiya ya haɗu da wata akuya mai ciki da ta ƙoshi tana saukowa, kuma cikinsu babu mai niyyar ba wani hanya. Ya ce mata kur. Ta sunkuyar da kai. Ya matsa gefe, bulon da aka yi don ɗaukar inuwa ya ga abin ya wuce yarjejeniya, ya ɓalle ya tafi. Rodin da ke ƙarƙashinsa ya kama babbar riga ta baya, Yahuza ya tsaya a iska, fuskarsa ga jama'a, hannuwa a buɗe, ƙafafu suna neman ƙasa. Akuyar ta bi ta kafaɗarsa ta sauka.

Dariyar da aka danne tun daga tudun farko ta fashe gaba ɗaya. Dattijon nan sai da aka riƙe shi. Masu babur suka tsaya a titi suna ɗauka da waya.

Alhaji Wali kaɗai bai yi dariya ba. Ya tako har gindin katangar, ya taɓa bulon ƙasa, ya gwada tazararsa da na biyu da tafin hannu, sannan ya ɗaga kai.

"Malam Yahuza."

"Ranka ya daɗe." Muryar ta fito a shaƙe, wuyan riga ya ɗan matse.

"Maganar hol, a bar ta. Ba na son a wayi gari dangin ango suna kan rufi."

Yahuza ya rufe ido, duka biyun.

"Amma ina da tambaya. Yau tun safe muke fama da awaki a kara. Kafin a kai akuya ɗaya hawa na sama a tirela, sai ƙato biyu sun ɗaga ta, tana ihu suna ihu, wata a karya mata ƙafa. Tun da nake sana'ar nan ban taɓa ganin akuya ta hau abu da kanta ba, ba turi ba duka, har da mai ciki, sai yau. Za ka iya yi min irinsa a wurin lodi?"

"Alhaji, wannan fa abstirak ne. Ba a..."

"Ko mene ne sunansa. Guda biyu nake so, kuma kai za ka riƙa kula da su."

"Ranka ya daɗe, mutum irina, a ce a kara, cikin kashin..."

"Ya karɓa, Alhaji," in ji Lubabatu daga bayan ƙofar zaure. "Allah ya ƙara arziki. Gobe da sassafe zai zo, ni zan tashe shi. Harawata kuma a albashinsa na farko."

Alhaji ya ce madalla, ya shiga mota, wannan karon babu mai riƙe masa ƙofa. Aka tafi neman tsani. Bilya ya matso ya tsaya a ƙarƙashin abokinsa yana nazarin ɗinkin da ke riƙe da shi, wanda shi ya yi shi, kuma ya san iyakarsa.

Yahuza ya leƙo ƙasa, ya gyara hularsa da ta karkace, ya rage murya.

"Ka dai shaida, Bilya. A duk Wudil, wa aka taɓa ba kwangila tun ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba?"

Bilya ya matsa gefe kaɗan. Daga nan rigar ta ƙarasa yagewa.